Babi Na Bakwai: Ciyawar Da Ke Bin Sawun Yaƙi Da Yunwa

Babu bishiyar da ta kai darbejiya yawa a Maiduguri. Ita ce ta jeru a gefen tituna, ita ce rumfar mai shayi da mai faci, a ƙarƙashinta ake ɗaurin aure, a ƙarƙashinta ake zaman makoki. Yaron da aka haifa a Hausari ko Shehuri zai iya rantsuwa cewa tun fil azal tana nan. Alhali kuwa baƙuwa ce. Asalinta yankin Indiya ne, kuma a 1928 aka kawo ta lardin Borno daga ƙasar Gana, lokacin da garin da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1907 bai wuce shekara 21 ba. Ta zo, ta zauna, ta yi wa mutane rana.

Sai dai ba kowane baƙo ne ke zuwa da goro ba. Kashin yawo, wanda ke soke ƙafar manomi yana maƙale wa jelar akuya, daga Kudancin Amurka ya fito. Bishiyar ƙaya da masana ke kira Prosopis juliflora, wadda aka dasa a yankin Sahel domin tare kwararowar hamada bayan farin shekarun 1970, ta mamaye busasshen gadon Tafkin Chadi ta ɓangaren arewa, wajen N'guigmi da Bosso, har ta zama dajin da ke hana jirgin masunta wucewa idan ruwa ya dawo. Kachalla kuwa, bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin tafiyar ruwa ya sauya, sai ta samu ruwan da ba ya ƙafewa, ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Hadejia da Nguru, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Duka waɗannan sun shafi ƙasa ne da ruwa da dukiya.

Ciyawar da za mu tattauna a wannan babi ta ɗara su da abu guda: ita jikin mutum take kamawa, fatarsa da hancinsa da ƙirjinsa. Sunanta a wurin masana Parthenium hysterophorus, mu kira ta fatiniyam. Ba ta cikin ciyayin da manomin Borno ya saba nomewa a gonarsa. A Afirka, gabashi da kudanci ta fi kafuwa. Amma in aka dubi hanyoyin da ta bi ta shiga ƙasashen da ta addaba, za a ga cewa Maiduguri na da kusan dukkan ƙofofin da take shigowa ta cikinsu, kuma a buɗe suke.

Yadda za ka gane ta

Fatiniyam 'yar asalin yankin Meziko ce da tsakiyar nahiyar Amurka. Danginsu ɗaya da shuwaka da latas da kashin yawo. Idan ta tsiro, takan fara shimfiɗa ganyenta ne a ƙasa a kewaye, kafin ta miƙa kara sama. Ganyen a tsattsage yake kamar na karas, launinsa kore ne mai haske, da gashi-gashi masu laushi a jikinsa. In ta samu wuri mai danshi takan kai mita ɗaya da rabi, wani lokaci har biyu. Sai ta yi rassa da yawa a sama, kowane reshe ɗauke da ƙananan furanni farare waɗanda faɗin kowanne bai wuce milimita huɗu zuwa biyar ba. In ka ƙura wa furen ido za ka ga yana da kusurwa biyar. Kowane fure kan ba da baƙaƙen 'ya'ya har biyar, ƙanana ƙwarai, marasa nauyi.

Ƙarfinta yana cikin gaggawa da yawan haihuwa. Cikin mako huɗu zuwa shida da tsirowa tana iya fara fure, kuma ba ta dainawa sai ta mutu. Tushe ɗaya mai ƙoshi na iya zubar da iri har 25,000. Irin da ya nutse a ƙasa yakan yi shekaru da ransa yana jiran ruwa. Inda akwai danshi duk shekara, kamar bakin kogi ko filin ban-ruwa, takan yi zuriya uku ko huɗu kafin shekara ta zagayo.

Kuma ba ta da muni a ido, wannan ma wani tarko ne. A Pakistan masu sayar da furanni kan cusa ta cikin damin furen da ake kaiwa biki, saboda fararen furanninta na ƙara wa damin kyau. A wajenmu kuma ganyenta na kama da na tazargade, wanda mutane ke jiƙawa su sha. Mai neman magani a bayan gari zai iya tsinko cuta da hannunsa.

Abin da take yi wa jiki

Duk wanda ya taɓa sussuka ko shiƙar gero ya san ƙaiƙayi: yana shiga wuya da hammata, mutum ya yi ta susa, amma da ya yi wanka ya sauya riga, magana ta ƙare. Na fatiniyam ba ya ƙarewa da wanka, domin ba sukar fata yake yi daga waje ba, garkuwar jiki yake tunzurawa daga ciki.

A cikin gashin ganyenta da karanta da ƙurar furenta akwai wani sinadari mai ɗaci da ake kira fatenin. Ranar farko da mutum ya taɓa ta, yawanci ba ya jin komai. Sai an yi ta haɗuwa, makonni ko watanni ko ma shekaru, sannan garkuwar jikin wasu mutane ta ɗauki sinadarin a matsayin abokin gaba. Daga ranar da hakan ta faru, ko kaɗan ya taɓa su sai jiki ya tashi.

Tashin nan iri biyu ne. Akwai mai sauri, wanda ƙurar fure ke jawowa cikin mintuna: atishawa ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ido ya yi ja yana ƙaiƙayi, maƙogwaro na kartawa. Mai ciwon asma kuwa ƙirjinsa kan riƙe, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana shewa. Akwai kuma mai jinkiri, wanda ke bayyana a fata bayan kwana ɗaya ko biyu. Shi ne ya fi wahalarwa. Yakan fito a wuraren da tufafi ba su rufe ba: fuska, fatar ido, wuya, saman ƙirji, lanƙwasar hannu. Ba dole sai mutum ya taɓa ciyawar ba, domin idan ta bushe gashinta da ɓurɓushin ganyenta kan bi iska su sauka a jiki. Da farko ja ne da ƙuraje masu ruwa. In abin ya daɗe, fatar kan yi kauri, ta yi baƙi, ta tsattsage, rana kuma na ƙara hura wutar. Wasu kan kai ga duk jikinsu ya kama.

Likitocin fata a birnin Pune na Indiya ne suka fara lura da yawaitar wannan cuta a ƙarshen shekarun 1960, galibi a jikin maza masu aiki a fili. A yau fatiniyam ce kan gaba a cikin tsirran da ke haddasa cutar fata a Indiya. Magunguna na kwantar da ita, amma ba sa raba jiki da ita. Hanya ɗaya tabbatacciya ita ce nisantar ciyawar, kuma wannan shawara ce da ba ta da amfani ga wanda gonarsa ce abincinsa.

A nan ne mazaunin Maiduguri ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Mu mutanen hunturu ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo na rufe gari, mura da tari da jan ido sun zama ruwan dare. In sabuwar cuta ta shigo da irin waɗannan alamu, wa zai zargi wata 'yar ciyawa a bayan katanga? Za a ce sanyi ne, a ce ƙazuwa ce, a ce borin jini ne, wani ma ya ce sammu aka yi masa. A sayo man shafawa a kemis, ya lafa na mako biyu, ya dawo. Kafin a gano tushen abin, ciyawar ta riga ta zuba iri na shekaru.

Gona da garke

Ɓarnarta ba ta tsaya ga mutum ba. Saiwarta da ruɓaɓɓen ganyenta na zuba sinadarai a ƙasa waɗanda ke hana irin wasu tsirrai tsirowa, don haka inda ta kafu takan zama ita kaɗai. Tamado Tana, masanin noma ɗan ƙasar Habasha, da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2002 kan gonakin dawa a gabashin ƙasar. Sun gano cewa idan aka bar fatiniyam ba a nome ta ba, amfanin dawa na raguwa da kashi 40 zuwa 97 cikin ɗari. Ba banza ba a Afirka ta Kudu ake ce mata ciyawar yunwa.

Dabba ba ta son ta saboda ɗaci. To amma da ta kore sauran ciyayi daga makiyaya, yunwa kan tilasta wa shanu da tumaki su ci. Sai baki ya yi gyambo, yawu na dalala, gudawa ta biyo baya, fata ta kumbura. In ta yi yawa a cikin abincin dabba tana iya kashe ta. Ko ba ta kashe ba, nonon saniya kan yi ɗaci, naman rago ya sauya ɗanɗano. A jihar Queensland ta Ostareliya an ƙiyasta cewa a farkon shekarun 1990 masu kiwon shanu na asarar kimanin dalar Ostareliya miliyan 16 duk shekara saboda ita. Mai karatu ya auna wannan da jihar da tirelolin shanu ke tashi daga Kasuwar Shanu ta Maiduguri zuwa kudu, da matan Shuwa da na Fulani da ke ciyar da gida da ƙwaryar nono.

Akwai kuma wani abu da masu bincike a cibiyar nazarin ƙwari ta icipe da ke Nairobi suka nuna a 2015: sauron da ke yaɗa zazzaɓin maleriya na shan ruwan zaƙin fatiniyam, kuma yana rayuwa a kansa ba tare da gubarta ta kashe shi ba. Ke nan tana ciyar da sauro a lokacin da bai samu jini ba.

Hanyoyin da ta bi

Fatiniyam ba ta ƙetare teku da ƙafarta ba. Mutane ne suka ɗauke ta, kusan kullum ba da saninsu ba.

A Indiya an fara rubuta ganinta a Pune a 1956. Abin da aka fi yarda da shi shi ne ta shigo cikin alkamar da ake kawowa daga Amurka a shekarun da ƙasar ke fama da ƙarancin abinci. Daga gefen titi da layin dogo ta bi ta game ƙasar, har masanan Indiya suka ƙiyasta a wajen 2010 cewa ta mamaye hekta miliyan 35.

A Ostareliya an gan ta a Queensland a 1955, sannan ta sake shigowa a 1958 cikin irin ciyawar kiwo da aka sayo daga Texas. Wannan shigowa ta biyu ce ta bazu a tsakiyar jihar.

A Afirka ta Kudu an san da ita a yankin Natal tun 1880, ta yi shekara ɗari ba ta dami kowa ba. Sai guguwar Demoina ta 1984 ta kawo ambaliya, ruwa ya share ƙasa ya kwashi iri ya watsa, daga nan ta zama annoba.

A Habasha an tabbatar da ita a wajen Dire Dawa a 1988. Masana sun kasu biyu kan yadda ta shigo: wasu na cewa cikin hatsin agaji ne, wasu na cewa motocin soja ne suka kwaso ta lokacin yaƙin Ogaden da aka gwabza da Somaliya a 1977 zuwa 1978. Yau tana Kenya, da Yuganda, da Tanzaniya, da Somaliya, har ta shiga gandun dajin Masai Mara.

In aka jera waɗannan labarai, abubuwa huɗu ne ke maimaituwa: hatsi ko iri daga nesa, manyan motoci, ambaliya, da ƙasar da aka tone ko aka bari ba mai kula. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatiniyam ba ta iya kutsawa cikin makiyaya mai cikakkiyar ciyawa. Fili tsirara take nema.

Ƙofofin Maiduguri

Tun daga 2009 da rikici ya ɓarke, Borno ta ga duka huɗun. Dubban gonaki sun yi shekaru ba a taɓa su da fartanya ba. An haƙa ramukan tsaro a kewayen garuruwa, an share filaye an kafa sansanoni. Maiduguri ta zama cibiyar aikin agaji, musamman daga 2016 da Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ta fara aiki gadan-gadan a arewa maso gabas. Hatsi da iri na shigowa, ana sauke su a rumbuna, ana rarraba su zuwa Bama da Dikwa da Monguno da Ngala. Wannan ba zargi ba ne ga masu agaji. Abincin nan ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Magana ce ta cewa buhun da ke ɗauke da rahama na iya ɗauke da ƙwayar iri mai tsawon milimita biyu, kuma tankaɗe da bincike ne kaɗai ke raba su.

Garin kuma mahaɗa ce tun tale-tale. Hanyar Gamboru-Ngala na kai wa Kamaru da Chadi, kuma ita ce tsohuwar hanyar alhazai da ta ratsa Abeche da Darfur har Bahar Maliya. Kaya da dabbobi da mutane na bin ta har gobe. Game da ambaliya kuwa ba sai an tuna wa kowa daren 10 ga Satumba 2024 ba, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga gari, kamar yadda ya yi a 1994.

Wani zai ce zafin Maiduguri da tsawon raninta sun isa su kashe ta. Akwai gaskiya a ciki. Wata bakwai ko takwas babu ruwan sama, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. A kan jigawa fatiniyam ba za ta ji daɗi ba. To amma Dire Dawa ma gari ne mai zafi da ƙarancin ruwa, kuma a Pakistan magudanan ban-ruwa ta bi ta shiga busassun yankuna. Muna da irin waɗannan wurare: gaɓar Ngadda, fadamar Jere da gonakin shinkafar Zabarmari, lambunan da ke kewayen Alau, kwatocin cikin gari, da filayen ban-ruwa na Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi a Marte. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne irin ƙasar da ta fi so. A Queensland, baƙar ƙasa mai laka wadda ke tsagewa da rani ce ta fi mamayewa. Wannan siffar firgi ce, ƙasar Dikwa da Marte da Ngala, inda ake dashen masakwa bayan ɗaukewar ruwan sama. Masakwa na rayuwa ne da danshin da laka ta riƙe, kuma duk ciyawar da ta raba wannan danshi da ita ta raba manomi da hatsinsa.

Saurin irin waɗannan baƙi ma mun ɗanɗana. Ƙwaron tumatir da manoman Kano da Kaduna ke kira sharon ɗan Kudancin Amurka ne. Ya sauka Sifaniya a 2006, shekara goma bayan nan ya share gonakin tumatir a arewacin Najeriya.

Abin da ya yi aiki a wasu wurare

Babu ƙasar da fatiniyam ta kafu sosai sannan aka raba ta da ita. Abin da ake yi shi ne rage mata ƙarfi. Ostareliya ta koma Meziko da Kudancin Amurka ta ɗauko abokan gabarta na asali, ƙwari da cututtukan ganye, ta gwada su tsawon shekaru don tabbatar da cewa ba za su taɓa amfanin gona ba, sannan ta sake su. Mafi shahara shi ne wani ɗan buzuzu mai zane a baya, Zygogramma bicolorata, mai cinye ganyenta. An sake shi a Ostareliya a 1980, a Indiya kuma a wajen Bangalore a 1984. Ya rage ta a wurare da dama, bai kawar da ita ba. Har yau Indiya na ware mako guda, 16 zuwa 22 ga Agusta, don wayar da kan jama'a a kanta.

Indiyawa sun kuma gano cewa wasu tsirrai na iya danne ta idan suka riga ta kama wuri, don haka sukan watsa irinsu a gefen hanya da filayen da ba a nomawa. Ɗaya daga cikinsu dangin tafasa ce, wadda muke kwaɗantawa da ƙuli-ƙuli. Ke nan filin da ke rufe da tafasa da sauran ciyayin gida ya fi filin da aka ƙone ko aka yi wa kiwo har ya zama fako kariya.

Darasi mafi girma kuwa daga jihar New South Wales ya fito, maƙwabciyar Queensland. Ita ba ta jira ba. Injin girbi da zai ƙetaro daga Queensland sai an wanke shi an duba shi a kan iyaka, kuma duk tushen da aka gani a gefen hanya, ana tuge shi a ci gaba da sa ido a wurin shekara da shekaru. Ciyawar ta sha shigowa, amma ba a bar ta ta zauna ba. Kuɗin wannan sa ido bai kai ko kusa da asarar da maƙwabciyarta ke tafkawa ba.

Aikin da ke gabanmu

Maiduguri ba ta rasa masu ilimin wannan aiki ba. Akwai Jami'ar Maiduguri da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, dukansu tun 1975, akwai Kwalejin Aikin Gona ta Mohamet Lawan, akwai malaman gona na jiha, akwai hukumar tarayya mai binciken tsirrai da dabbobin da ke ƙetaro iyaka, akwai likitocin fata da na ƙirji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar. Abin da ake bukata bai fi ƙarfinsu ba. A buga hoton ciyawar a manna a tashoshin mota, da kasuwannin hatsi, da rumbunan agaji, da ofisoshin kan iyaka. A yi bayaninta a rediyo da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa da Fulatanci. A riƙa zagaya wuraren sauke hatsi da inda tireloli ke kwana sau ɗaya ko biyu a tsakiyar damina, domin a nan irin da ya zube ke fara tsirowa. Likita kuma, idan manomi ya zo da kumburin fatar ido da wuya wanda ke tashi da damina, ya tambaye shi abin da ke tsirowa a gonarsa.

Kai kuma mai karatu, idan ka ga ciyawa mai ganyen karas da ƙananan fararen furanni wadda ba ka san ta ba, kada ka kama ta da hannu tsirara, kada ka bar yara su yi wasa a cikinta, kada ka yanko wa dabba. Ɗauki hotonta da waya ka nuna wa malamin gona. In za a tuge ta, a sa safar hannu da riga mai dogon hannu, a rufe hanci, a tumɓuke ta da saiwarta lokacin da ƙasa ke da laushi, domin sara kawai sa ta yake ta sake tofowa. Wadda ta riga ta yi fure a zuba ta a buhu a ɗaure kafin a ɗaga ta daga wurin, don kada iri ya zube a hanya. Sannan a dawo a duba wurin duk bayan ruwan sama. Tushe ɗaya da aka tuge kafin ya yi fure, iri dubbai ne aka hana shiga ƙasar Borno.